A Ba Yaro Gwangwani Kafin a Zana Masa Da'ira

A azuzuwan firamare da yawa, darasin siffofi a kan allo yake farawa, a kan allo yake ƙarewa. Malama ta zana da'ira da murabba'i da alwatika, yara su maimaita da ƙarfi. Mako na zagayowa ta zana akwati, ta ce wannan kuma siffa ce mai jiki, tana da tsawo da faɗi da kauri. Alhali abin da ke kan allon zanen alli ne, a shimfiɗe yake kamar na makon jiya. Idon babba ya saba da dabarar masu zane, shi ke cike zurfin da babu. Ɗan shekara shida kuwa murabba'i biyu yake gani, an haɗa su da layuka huɗu. Shi ya sa in an ɗaga masa lemo aka tambaye shi siffarsa, sai ya ce da'ira, kuma ba laifinsa ba ne.

Wannan jeri na fara da shimfiɗaɗɗe a ƙare da mai jiki tsohon gado ne. Littafin Uƙlidis, masanin lissafin da ya zauna a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kashi 13 ne, kuma sai a kashi na 11 ya shiga siffofi masu jiki. Tsarin ya dace da mai kafa hujja bisa hujja. Yaro ba hujja yake nema ba. Tun yana rarrafe yake damƙar ludayi da murfin kwano, ya san abin da ke mirginawa da abin da ke zama daram, tun bai taɓa ganin alli ba.

Friedrich Froebel, Bajamushen da ya buɗe makarantar ƙananan yara a garin Bad Blankenburg a 1837, ya juya jerin. Kafin nan ya yi aiki a gidan adana ma'adanai na Berlin, yana nazarin fuskokin duwatsu masu ƙyalli, kuma da alama aikin ya bi shi har aji. Kyautarsa ta farko ga yaro ƙwallaye shida ne masu laushi na zaren ulu. Ta biyu katako uku: mulmulalle, da mai fuska shida, da mai siffar gwangwani. Sai can gaba yake kawo fale-falen katako, sannan tsinkaye, sannan ƙwayoyi a madadin ɗigo. Har rataye mai fuska shidan ake yi da zare a juya shi da sauri, yaro ya ga ya rikiɗe ya koma kamar gwangwani. Ita ma Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a Rum a 1907, takan sa yaro ya rufe ido ya gane siffa da yatsunsa kaɗai.

Ba sai an yi odar katakon Jamus ba. Gwangwanin madara guda ɗaya ya ishi darasin mako. A ba yaro ya danna gindinsa a jiƙaƙƙen yashi ya ɗaga: ga da'ira. A tambaye shi, za ka iya ɗaukar wannan da'irar ka sa a aljihu? Gwangwanin fa? Nan bambancin yake, kuma shi da kansa zai faɗe shi. A kwantar da gwangwanin ya mirgina, a tsayar da shi ya zauna, a bar yaron ya nemo dalili. Daga nan a ɓare takardar da aka naɗe gwangwanin da ita a shimfiɗa a ƙasa. Abin da ya yi zaton zagayayye ne sai ga shi da kusurwa huɗu, kuma wannan yakan ba manya ma mamaki.

Dunƙulen Maggi na da fuska 6, gefe 12, kusurwa 8. A bar yaro ya ɗiga tawada a kowace fuska yana ƙirgawa, don kada ya maimaita ko ya tsallake ta ƙasa, wadda ita aka fi mantawa. Kwalin ashana lissafinsa ɗaya da na dunƙulen, amma fuskokinsa ba ɗaya ba ne. A farke shi a baje, a sake naɗewa. Lemo kuwa, ko ta ina aka yanka shi miƙe, da'ira ce ke fitowa.

Haddar sunaye ta jira. Ma'auratan Holan, Pierre van Hiele da Dina van Hiele-Geldof, sun nuna a bincikensu na 1957 cewa yaro da kamanni yake fara gane siffa, sai daga baya ya lura da siffofinta ɗaya bayan ɗaya, kuma koyarwa ce ke ɗaga shi daga mataki zuwa mataki fiye da shekaru. Wanda ya haddace sunan murabba'i yakan musanta shi da zarar an karkata shi ya tsaya a kan kusurwa.

Akwai tambayar da yaro mai kaifin kai kan jefo: Malama, ai faifai ma yana da kauri, takarda ma haka. Kada a ce masa ya yi shiru, don gaskiyarsa ce. A tara faya-fayai goma a gabansa ya ga sun tashi, a nuna masa bandir ɗin takarda mai warƙa 500 yadda ya zama dunƙule mai nauyi. Sannan a sa shi ya shafa saman faifan da tafin hannu, a ce masa wannan fuskar da kake shafawa ita ce da'irar, faifan kuwa mai jiki ne, siriri dai.