Farauta a Tsaunukan Roki: Nauyin da Ke Zuwa Bayan Harbi

A yammacin Amurka, musamman a jihohin Kolorado, Montana, Wayomin da Aidaho, akwai farautar da maharbi ke shiga ƙurmin dawa da ƙafa, goye da guzurinsa da tantinsa da makaminsa, ya yi mako guda bai ga titi ba. Dokar kare dawa da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1964 ta haramta shiga da mota ko babur, har ma da keke, a yankunan da aka keɓe, saboda haka abin hawan da ya rage shi ne doki da alfadari, ga mai halin hayarsu. Dabbar da aka fi nema ita ce elk, wata irin barewa wadda namijinta kan haura kilo 300, wato ya ɗara gwanki nauyi.

Farkon abin da ke gwada jiki shi ne tsayin wurin, domin a watan Satumba, lokacin barbarar dabbar, wanda kuma shi ne lokacin masu kwari da baka, akan same ta a Kolorado a tudun da ya kai mita 3,000 daga matakin teku, inda kowace shaƙa ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 kacal na iskar oksijin da ake samu a bakin teku. Daga mita 2,500 ciwon tsauni ke iya kama mutum, ya zo da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da rashin barci, kuma ba ya duba ƙarfi, don yakan kayar da ɗan tsere kamar yadda yake kayar da malalaci. Abin da ke rage shi shi ne a kwana biyu ko uku a matsakaicin tudu kafin a haura, in kuwa ya tsananta, a sauko ba tare da gardama ba.

Sai dai inda aikin yake da gaske shi ne bayan dabba ta faɗi, kuma nan ne sababbin shiga suka fi yin sake. Dole a feɗe ta nan take, a raba cinyoyi da karfata, a zuba su cikin buhunan yadi masu shan iska, a rataye a inuwa tun zafin rana da ƙudaje ba su taɓa naman ba, domin naman da ke jikin ƙashin cinya shi ke fara wari idan bai huce da wuri ba. Naman babban namiji kan kai kilo 100, wanda ke nufin sawu uku ko huɗu ga mutum ɗaya, kowane sawu da kimanin kilo 30 a gadon baya, ana tsallake faɗaɗɗun itatuwa, ana gangara kan tsakuwa mai zamewa. Shi ya sa gudun safe kaɗai ba ya wadatarwa wajen shirya jiki. Masu shiri na gaske sukan fara watanni kafin lokaci, suna hawa da saukar tudu da buhun yashi cikin jakar goyo, suna ƙara nauyin sannu a hankali, kuma da takalmin da za su je dawa da shi, don sabon takalmi kan tayar da bororo a dunduniya tun ranar farko. Gangara ce ma ta fi cin gwiwa, abin da ba a cika lura da shi ba sai an ɗauko kaya.

Shirin zuciya ya fi wuyar aunawa. Mafi yawan masu farautar elk da baka hannu rabbana suke komawa gida, bayan kwanaki na sanyi da kaɗaici da tashin asuba, ga fargabar beyar mai kai hari a sassan Montana da Wayomin. Wanda bai saba da wannan tun daga gida ba, gajiya ce za ta yanke masa shawara, ko ya tattara a rana ta uku, ko ya saki kibiya daga nesan da bai ƙware ba ya raunata dabba ta ɓace, wanda shi ne mafi muni. Dokar Kolorado ta wajabta fitar da cinyoyi da karfata da naman gadon baya, kuma barin su su ruɓe laifi ne. Don haka gogaggun maharba kan shata iyaka a taswira tun kafin su bar mota, suna la'akari da zafin makon da yawan abokan ɗaukar kaya, kuma idan dabbar ta tsaya a bayan wannan iyaka, ba sa ɗana kibiya.