Shamuwa da Mujiya: Ɗaya a Yi Mata Maraba, Ɗaya a Jefe Ta

A ƙarshen bazara, tsakanin Afrilu da Mayu, shamuwa kan iso garuruwan gabashin Kano. A Balan da sauran ƙauyukan Gaya da Ajingi za ta nemi kuka ko tsamiya a tsakiyar gari ta tara ƙirare ta yi sheƙa, ba mai taɓa ta, domin kowa ya san zuwanta albishir ne na damina. Amma a garin nan guda, in mujiya ta yi kuka a kan rufin wani gida, kafin gari ya waye magana ta zaga: an yi wa maigidan ture, ko mutuwa na tafe. Sai yara su fito da danƙo, manya da gora. Musulmi na yin haka, Kiristocin Hausawa ma na yi, kowa kuwa yana ganin kare iyalinsa yake yi.

Abu ɗaya ne ya kawo tsuntsayen biyu kusa da mu, wato abinci da wurin ƙyanƙyasa. Shamuwa ruwa take bi. Tana hayayyafa a yankin da ya tashi daga Senegal zuwa Bahar Maliya, tana cin fara da tsutsar gona, in damina ta janye ta nufi kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabwe, inda ruwa ke soma sauka. Ita kuwa farar mujiyar da ke shiga silin ɓera take bi, ɓera kuma rumbu yake bi. Da can kogon manyan itatuwa ya ishe ta. Mun sare su mun yi gawayi, muka gina ɗakunan kwano masu duhu a sama, ta samu madadin kogo. Duk abin da ke tsorata mutane game da ita yana da bayani. Tana tashi ba a ji saboda gashin fukafukanta mai laushi ne. Kunnuwanta ba a daidai suke ba, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu, shi ya sa take gane inda ɓera yake cikin duhu da motsinsa kawai. Hucin da ake ji a silin da tsakar dare 'ya'yanta ne ke neman abinci. Dunƙulen gashi da ƙananan ƙasusuwa da ake tsinta a ƙasa, har a ruga wurin boka ko mai addu'a da shi ana cewa asiri ne, ragowar ɓeran da ta haɗiye ne ta amayar.

Za a ce ai an sha ganin ta yi kuka a gida kuma aka yi rashi. Gaskiya ne, an gani. Sai dai kukan nan kusan kullum take yin sa, mutane na barci. Wanda ke jin sa shi ne mai zaman jinya da ya kwana ido biyu, zuciyarsa cike da fargaba. Daren da ta yi kuka aka wayi gari lafiya ba mai lissafa shi.

Wasu Kiristoci kan kafa hujja da cewa Littafin Firistoci, sura ta 11, ya sa mujiya cikin tsuntsaye marasa tsarki. To, wannan magana ce ta abin da ba a ci, kuma jinsin shamuwa ma yana cikin jerin nan, amma ba wanda ya taɓa jifan ta saboda haka. Littafi Mai Tsarki ya fi karkata ga kare tsuntsu mai sheƙa: Maimaitawar Shari'a sura ta 22 ta hana kama uwa tare da 'ya'yanta, Zabura ta 84 ta ambaci tsattsewa da ta yi sheƙa kusa da bagaden Ubangiji ba tare da an kore ta ba, Matiyu sura ta 10 kuma ta nuna ko ɗan tsuntsu mafi araha ba ya faɗuwa ba da sanin Allah ba. Mai wannan bangaskiya, ta yaya zai yarda ransa na hannun kukan tsuntsu? A ɓangaren Musulunci maganar ta fi fitowa fili, domin hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya kore camfi, har da na mujiya, Abu Dawud kuma ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya sa aka mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da aka ɗauke.

Asarar ma a aljihu take. Mujiya biyu da 'ya'yansu kan cinye ɓeraye dubbai a shekara. A Isra'ila tun 1983 manoma ke kafa mata akwatunan sheƙa a gonaki, daga baya Jodan da Falasɗinu suka bi sahu, haka ake yi a gonakin kwakwar manja na Maleshiya. Mu kuwa mu kashe ta, sannan mu sayi shinkafar ɓera mu ajiye inda yara ke rarrafe, kamar wanda ya kori mai gadin da ba ya karɓar ko sisi. Ɓeran da ya ci guba kan kashe mage ko mujiyar da ta cinye shi. Kada a manta kuma ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno. Duk rani hukumomi na shelar a rufe abinci, amma da wuya ka ji malamin gona ko jami'in lafiya ya ce a ƙyale mujiya.

Ƙorafin da ke da tushe shi ne na ƙazanta da wari da hana barci. Maganinsa haƙuri ne na ɗan lokaci: ƙwanta kan yi kusan wata guda kafin ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma su tashi cikin kamar wata biyu. Bayan nan a share silin da hanci a rufe, a toshe kafar. Limamai da fastoci su ne ya kamata su faɗi wannan a huɗuba da wa'azi, domin maganarsu ake ji a ƙauye fiye da ta rediyo.