Saiti da kunama: Ƙananan abubuwa biyu da ke raba gwani da ɗan koyo a gasar harbi

Duk wanda ya leƙa shafukan sada zumunta a lokacin gasar Olympics ta Paris a 2024 ya ga hoton Yusuf Dikec, ɗan Turkiyyan nan da ya tsaya hannu ɗaya a aljihu, ba wani gilashi na musamman a idonsa, ya kuma tafi gida da lambar azurfa. Mutane da yawa sun ɗauka harbin gasa baiwa ce kawai.

Bindigar Dikec ta iska ce. Amma a zangon mita 25 na wannan gasa ana amfani ne da ƙaramar bindiga mai harsashi na gaske, samfurin .22, wanda ake tayar da shi ta hanyar bugun gefen gindin kwansonsa maimakon tsakiya. Harsashi ne mai araha, mara ƙara sosai, kuma ba ya fizgar hannu. Shi ya sa a Turai da Amurka masu koyo da yawa da shi suke farawa. Bayan ƴan watanni kuma sai tambaya ta taso: me ya kamata a canza a jikin bindigar? Amsar takan tsaya ne kan saiti da kunama.

Milimita ɗaya

Dokar hukumar harbi ta duniya, ISSF, ba ta yarda da madubi ko fitila ba. Saiti na ƙarfe kawai: ɗan tsinke a gaba, tsaga a baya, kuma tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce milimita 220.

Lissafin yana da ban tsoro. Idan tsinken gaba ya kauce daga tsakiyar tsagar da milimita ɗaya tak, harsashin zai sauka kusan santimita 11 daga inda aka nufa. Da'irar maki 10 a allon harbin natsuwa faɗinta santimita 5 ne. Ke nan mai neman 10 ya tashi da 6.

Saboda haka masu horarwa ke cewa ido ya tsaya kan tsinken gaba, allon ya zama dishi-dishi. Mai zaɓen saiti yana duba faɗin tsinken da na tsagar, domin ya rage ɗan haske daidai wa daida a gefe biyu. Tsagar da ta matse tana gajiyar da ido, wadda ta yi faɗi kuma tana ɓoye kuskure. Saitin baya mai kyau shi ne wanda ake murzawa yana yin ƙas-ƙas, kowace murza tana matsar da harbin da ma'auni sananne, kuma ba ya kwancewa da kansa.

A Amurka labarin daban ne. Gasar da suke kira bullseye, wadda ake yi a yadi 25 da yadi 50 a wurare irin su Camp Perry na jihar Ohio, ta halatta madubi mai jan ɗigo. Ga wanda ya haura shekara 40, idonsa ya fara kasa ganin na kusa, wannan ceto ne: ɗigon da allon duk suna bayyana a lokaci guda.

Sai dai madubin yana ƙara nauyi, yana cin batir, kuma yana tona asirin rawar hannu. Wasu da zarar sun ga ɗigon yana yawo sai su fizgi kunama don su kama tsakiya, harbin ya lalace. Wanda kuma yake mafarkin Olympics, kuɗin madubin asara ce gare shi.

Giram 1,000

Kunama ita ce inda aka fi kashe kuɗi, kuma inda aka fi yin kuskure. A zangon mita 25, dole ta ɗauki nauyin giram 1,000 ba tare da ta saki ba. Alƙalai kan miƙar da bakin bindiga sama, su rataya ma'auni a jikin kunamar, su ɗaga. Idan ta saki a binciken da ake yi bayan harbi, an kori ɗan wasa ko nawa ya ci. A gasar Amurka ƙa'idar .22 fam 2 ce, kimanin giram 900.

Don haka sauƙi ba shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne kunamar da ba ta jan ƙafa kafin ta saki, ba ta zarcewa baya bayan ta saki, kuma tana saki a wuri ɗaya kowane lokaci.

Bindigogin gasa irin su Pardini na Italiya da Walther na Jamus suna zuwa da kusoshin daidaita duk wannan. Masu Ruger Mark IV, wadda ta fito a 2016 kuma ta fi araha nesa ba kusa ba, sukan sayi kayan gyara daga kamfanoni irin su Volquartsen na jihar Iowa.

Haɗarin yana wurin mai ɗaukar zarto ya ce zai gyara da kansa. Idan ƙugiyar da ke riƙe hamar ta sirance fiye da kima, bindiga na iya tashi idan ta faɗi, ko ta saki harsashi biyu a jan kunama ɗaya, a filin da mutane ke tsaye kafaɗa da kafaɗa. Idan kuma aka sassauta sifirin ɗin hamar, sai ta kasa fasa gefen kwanso, harsashi ya ƙi tashi ana tsakiyar gasa. Aikin maƙerin bindiga ne mai lasisi.

A Najeriya dai dokar makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin waɗanda ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, don haka wasan bai zama na kowa ba.

A wasan ƙarshe na mata na mita 25 a Paris, Yang Ji-in ta Koriya ta Kudu da Camille Jedrzejewski ta Faransa sun yi kunnen doki da maki 37 kowacce. Harbi biyar na raba gardama ne ya ba Yang zinare, da ci 4 da 1.