Yadda Ake Tsara Bangon Gilashi Mai Lanƙwasa a Kwamfuta

'Yan'uwa, a manyan biranen duniya muna ganin dogayen gine-gine masu bangon gilashi da ya lanƙwashe kamar cikin tulu. Amma gilashin gini a shimfiɗe yake fitowa daga masana'anta. Bari mu duba yadda masu zanen gini suke warware wannan a kwamfuta tun kafin a haƙa tushe.

Da farko, mai zane yakan fitar da siffar bangon a manhaja irin su Rhino ko Revit. Lanƙwasa kuwa iri biyu ce. Idan muka naɗa takarda a jikin gwangwani, za ta kwanta lafiya, domin ta gefe ɗaya ta lanƙwashe. Idan muka ɗora ta a bayan ƙwarya, sai ta tattare, domin ƙwarya ta lanƙwashe ta ko'ina. Irin ta biyun ce mai tsada, gama sai an gasa gilashin da zafi kusan digiri 600 ya kwanta a kan mazubi, sau da yawa kuma kowane falle da nasa mazubin.

Saboda haka mataki na biyu shi ne a sa manhajar ta yanka bangon zuwa ƙananan fallaye shimfiɗaɗɗu. Falle mai kusurwa uku kullum yana zama daidai, kamar yadda kujera mai ƙafa uku ba ta girgiɗi. Mai kusurwa huɗu kuwa, dole manhajar ta auna ko kusurwa ta huɗu ta kauce wa sauran. Ginin 30 St Mary Axe na Landan, mai tsayin mita 180, wanda aka buɗe a 2004, misali ne mai kyau. Ko da yake jikinsa a kewaye yake, falle ɗaya ne kawai lanƙwasasshe, wanda ke can ƙololuwa.

Mataki na uku shi ne a gwada zanen da tafiyar rana. Bangon da ya lotsa ciki kamar kwano yakan tara hasken rana wuri ɗaya. A 2013, ginin 20 Fenchurch Street, shi ma a Landan, ya haska rana a kan titi har wasu sassan wata mota da aka ajiye suka narke. Sai da aka liƙa wa bangon abin tare rana daga baya.

Don haka, idan aka kawo mana zane mai ƙyalli a fuskar kwamfuta, kada kyansa ya ishe mu. Mu tambayi mai zanen: fallaye nawa ne za a lanƙwasa, a ina za a sami madadin wanda ya fashe, kuma ina hasken zai sauka da tsakar rana? Gyara a kwamfuta ya fi gyara a kan bene sauƙi da araha.