"Da Yawa" a Turanci: Abin Ƙirga da Abin Awo

Wata rana da yamma wani tsohon ɗalibina ya zo gida riƙe da wasiƙar neman aiki wadda ya rubuta da Turanci, yana so in duba masa kafin ya kai. Rubutun tsaf, ba kankara ko ɗaya. Amma da na kai tsakiya sai na ga ya ce yana da "too much experience". Na ce, "Ɗana, ka san abin da ka gaya wa mutumin nan? Ka ce masa sanin aikinka ya yi yawa har ya zama aibi." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ai da yawa nake nufi."

Gaskiyarsa. Mu a Hausa "da yawa" ta ishe mu ko'ina: mutane da yawa, ruwa da yawa, godiya da yawa. Turanci kuwa ba haka yake ba, kuma a nan ne 'ya'yanmu suke tuntuɓe. Tun da aka kafa hukumar jarrabawa ta WAEC a 1952, takardar Turanci tana cikin masu ba ɗalibai wuya, ga shi kuwa jami'o'in Nijeriya suna neman kiredit a Turanci kafin su ɗauki yaro. Ƙananan kalmomin nan suna cikin abubuwan da ke cinye maki.

Asirin abin yana wurin matan kasuwa. Mai sayar da ƙwai ƙirgawa take yi, mai sayar da gero kuwa aunawa take yi da mudu. Haka Bature ya raba kayan duniya kashi biyu. Abin da ake ƙirgawa ɗaya, biyu, uku, kalmarsa "many" ce: "many goats", "many children". Abin da ake aunawa, watau ruwa, gishiri, man gyaɗa, shinkafa, kalmarsa "much" ce: "much water", "much rice". Tambaya ma haka take. "How many" ta ƙirga ce, "how much" ta awo ce.

Sai dai akwai ramuka a hanyar. Na farko kuɗi ne. A wurinmu kuɗi abin ƙirga ne, gama kalmar kanta jam'i ce tun zamanin da kakanninmu suke ciniki da wuri. Saboda haka yaro yakan rubuta "many money". Amma Bature ya sa "money" cikin kayan awo, sai a ce "much money". Haka kuma "advice", "information", "furniture", "luggage" da "equipment". Ba a ƙara musu harafin s, ba a kuma haɗa su da "many". In ana son a ƙirga shawara, sai a ce "a piece of advice", kamar yadda mu ma ba mu cewa gishiri uku, sai ƙulli uku na gishiri.

Rami na biyu shi ne wanda ɗalibina ya faɗa ciki. "Too much" da "too many" suna nufin yawan da ya wuce kima, irin na gishirin da ya ɓata miya. Wanda ke son yin godiya mai yawa "very much" zai ce. In ya ce "too much", ya nuna godiyar ta zarce abin da ya kamata.

To, yaron da ya rikice fa? Akwai kalmar da ke cin tudu biyu, ita ce "a lot of". Tana tafiya da abin ƙirga da abin awo duka: "a lot of goats", "a lot of money". Su kansu Turawa a maganar yau da kullum sun fi amfani da ita, sukan bar "much" domin tambaya da musu, kamar "I don't have much time". A lura dai, "a lot" kalmomi biyu ne, ba a haɗe su a rubutu. "Plenty of" ita ma tana cin tudu biyu, ma'anarta kuwa abu ya isa har da saura. Kada a yar da "of" ɗin, domin "plenty people" maganar kasuwa ce, mai duba jarrabawa ba zai karɓa ba.

Mun san kowace kalmarmu da mazauninta. Mukan ce ɗaki ya cika maƙil, kaya jingim, mangwaro birjik a kasuwa, taurari bila adadin. Ba mai cewa ruwa birjik. Turanci ma haka. A wasiƙar ofis ko rubutun jarrabawa, "a large number of" da "numerous" na abin ƙirga ne, "a great deal of" da "a large amount of" na abin awo ne. "Abundant" yalwa ce, kamar ta ruwan sama a shekarar albarka. "Countless" ita ce bila adadin. "Several" kuwa ba ta kai yawa sosai ba, ta dai wuce biyu. Su "lots of", "loads of" da "tons of" na hira ne tsakanin abokai, ba su dace da wasiƙar neman aiki ba, kamar yadda ba a shiga gaban hakimi da kayan gona.

Ya ku iyaye, ba lalle sai kun iya Turanci ba kafin ku taimaki yaranku a wannan. Uwa tana dafa tuwo, sai ta nuna wa ɗiyarta gari ta ce, "Wannan ƙirga shi ake yi ko aunawa?" Yarinya ta amsa, sa'an nan ta faɗi kalmar Turancin da ta dace. Gobe a nuna albasa, jibi kananzir. Uba kuma ya sa yaro ya keɓe shafi guda a bayan littafinsa domin kalmomin nan masu ruɗi irin su "money" da "advice", duk wadda ya gamu da ita ya ƙara a kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shi kuwa ɗalibin nan nawa, muka zauna a tabarma muka mai da maganarsa "a great deal of experience". Ya nemi sabuwar takarda, ya sake kwafe wasiƙar tun daga farko kafin duhu ya yi.