Yaushe Kogin Kaduna Ya Zama Iyaka?

Mu 'yan Kawo, Badarawa da Tudun Wada mun tashi mun tarar Musulmi sun fi yawa a arewacin kogi, Kirista kuma a Sabon Tasha, Narayi da Television. Ƙannenmu da yawa sun ɗauka haka garin yake tun asali. Ba haka ba ne.

Bari in faro daga nesa. Lugga, wanda ya zaɓi Kaduna ta zama hedikwatar Arewa, a Madras ta Indiya aka haife shi a 1858, kuma ya yi aikin soja a can. A Indiya, a 1909 Turawa suka ware wa Musulmi kujerun zaɓe daban, a 1947 aka tsaga ƙasar gida biyu, miliyoyin mutane suka bar gidajensu.

A nan salon ya bambanta. A 1903 a Sakkwato Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba, sai aka taƙaita 'yan mishan a masarautu, aka sakar musu yankunan da ba Musulmi ba. SIM ta sauka a Kwoi a 1910, coci da makaranta suka bazu a Kudancin Zariya. Amma mulki fa? Hakiman Zazzau aka bari a kan Atyap da Bajju, su ke karɓar haraji. To ka ga, ƙabila da addini da ƙorafin sarauta duk sun hau layi ɗaya. Ni dai ban yarda a jibga wa Bature laifin duka ba, domin farautar bayi a yankin ta riga shi zuwa. Shi ya tarar da miki, ya gina mulki a kai.

Kafanchan ta kama a 1987, Zangon Kataf a 1992. Amma rikicin Shari'a na Fabrairun 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, su suka raba garin nan. Maƙwabtan shekara ashirin suka sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu ma musanya suka yi, kowa ya tsallaka gada wajen 'yan'uwansa.

Ku tambayi iyayenku waye maƙwabcinsu kafin 2000, ku rubuto mana a ƙasa.