Yadda Ake Gane Shekarun Tsohon Keken Rali

Ranar kasuwa akan kawo tsofaffin kekuna na sayarwa. Mai keke zai ce Rali ne ɗan Ingila. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuwa fenti ne kawai aka shafa wa wani keken. Mai saye yana iya ganewa kafin ya biya kuɗinsa.

Da farko a duba tambarin da ke goshin keken. Tambarin Rali yana da hoton kan zalɓe. Wanda aka ƙera a Ingila an rubuta masa Nottingham, sunan garin da masana'antar take. A shekarar 2002 aka daina haɗa kekuna a can. Amma tambari kaɗai bai isa shaida ba, domin ana cire shi a manna wa wani keken. Sai a duba babban faifan da sarƙa take zagayawa. A tsofaffin Rali da yawa, an huda siffar kan zalɓen a jikin ƙarfen.

Idan keken mai giya uku ne, aiki ya zo da sauƙi. A goge cibiyar ƙafar baya da tsumma da ɗan kananzir. Za a ga sunan Sturmey-Archer, kusa da shi kuma akwai lambobi. Lamba biyu suna nuna shekara, sauran suna nuna wata. Idan an ga 62 da 5, to an yi cibiyar a watan Mayu na 1962. Sai dai a lura, ƙafar keke abar sauyawa ce. Shekarar cibiya ba lallai ta zama shekarar keken ba.

Akwai kuma lambar jikin keke. Tana ƙarƙashin sirdi, ko a ƙasa wajen feda. Daga 1974 lambar takan fara da haruffa biyu. Harafin N a farko yana nufin Nottingham. Lambar da ta biyo bayan haruffan ita ce ƙarshen shekara, misali 6 a madadin 1976 ko 1986. Idan an kankare lambar, gara a haƙura da keken, don watakila na sata ne.

Notinan tsohon Rali ma nasa ne daban. Zaren su bai zo ɗaya da na sauran kekuna ba. Idan mai gyara ya ɗaura baƙon noti da ƙarfi, zaren ya lalace ke nan. A nemi noti daga jikin wani mataccen Rali.